Kyamarar awon iska ba za ta gadi dutse mai aman wuta ita kaɗai ba

Tun da dutsen Hayli Gubbi na ƙasar Habasha ya yi aman wuta a watan Nuwamban 2025, tokarsa ta ƙetare Bahar Maliya har ta dagula zirga-zirgar jirage a Indiya, sai aka sake ɗauko tsohon zancen nan: wai Afirka na'urori kawai ta rasa, a raba wa cibiyoyinta kyamarorin awon iska masu araha, shi ke nan. Wannan magana ta masu son ɗaukar hoto ne ranar miƙa kaya.

Kyamarar kanta ba ta da laifi. Iskar farar wuta, wato SO2, wadda dutse mai aman wuta ke fitarwa, tana shanye hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani. Don haka ake haɗa kyamarori biyu su kalli hayaƙi ɗaya. Ta farko da gilashin tace haske na nanomita 310 (ma'aunin tsawon zangon haske), inda iskar ke shanye haske sosai, ta biyu da na 330, inda kusan ba ta taɓa shi. Bambancin duhun hotunan biyu shi ke nuna yawan iskar. Sai a bi tafiyar hayaƙin daga hoto zuwa hoto a san saurinsa, a ninka, a fitar da tan nawa ke fita a rana. Ana iya ɗaukar hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Kuma masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun nuna ana iya haɗa ta da ƙaramar kyamarar Raspberry Pi (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha), bayan an kankare fatar tace launi da ke kan idonta.

To amma araha ba ta ado. Hoton duhu kawai yake nunawa, ba lamba ba. Kafin a sami lamba sai an ɗora ƙananan kwalabe masu ɗauke da sanannen adadin SO2 a gaban kyamarar, tana kallon sararin da babu hayaƙi, kuma a maimaita yayin da rana ke ɗagawa, domin hasken hantsi daban da na azahar. Ko kuwa a haɗa ta da na'urar DOAS, mai rarraba haske ta auna adadin iskar a wuri guda a cikin hoton. Wanda ya tsallake wannan, mudu ne a hannunsa wanda bai san girmansa ba.

Babbar matsalar ita ce kuskuren yawanci ƙasa yake ja. Idan aka girke kyamara nesa da kilomitoci masu yawa, hasken da ke tsakaninta da dutsen yakan shiga ya wanke duhun, iskar ta zama kamar kaɗan ce. Hazo yana ƙara ɓata lamarin (duk wanda ya san hunturunmu ya san yadda tsauni ke ɓacewa da tsakar rana). Toka kan toshe hasken gilasan biyu gaba ɗaya. Hayaƙi mai kauri kan ƙure awon. Da dare ko cikin gajimare kuwa, babu aiki.

Me ya sa wannan ya dame ni? A duba dutsen Pinatubo na Filifin a 1991. Awon SO2 ya tashi daga kimanin tan 500 a rana a tsakiyar Mayu zuwa sama da 5,000 a ƙarshen watan, sannan ya faɗi warwas a farkon Yuni. Masanan da ke wurin sun ɗauki faɗuwar a matsayin alamar hanyar iskar ta toshe, matsi na taruwa. Ranar 15 ga Yuni dutsen ya tarwatse. Yanzu a ce lambar kyamara ta faɗi a birnin Goma na gabashin Kwango ko a gindin Dutsen Kamaru: toshewa ce, hazo ne, ko ƙura ce ta rufe gilashi? Ƙwararren ma'aikaci ne kaɗai zai raba gardamar, shi ma sai yana da awon girgizar ƙasa a gefe.

Masu cewa tauraron ɗan adam ya wadatar ba su cancanci dogon martani ba: TROPOMI, na'urar awon iska da ke kan tauraron, sau ɗaya yake wucewa a yini, ihu bayan hari.

Goma ta riga ta ɗanɗana. Lokacin da dutsen Nyiragongo da ke kusa da birnin ya ɓalle ranar 22 ga Mayun 2021, ya halaka mutum sama da 30, cibiyar sa ido ta birnin tana da na'urori. Abin da ya ƙare mata kuɗi ne, bayan tallafin Bankin Duniya ya tsaya, har kuɗin intanet da man mota suka gagara. Kyamara nawa za ta maye gurbin wannan?

Sannan kada a ruɗi maƙwabtanmu na Kamaru. Iskar da ta taso daga Tafkin Nyos ranar 21 ga Agustan 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 CO2 ce (iskar kabon dayokzaid), wadda wannan kyamara ba ta gani ko kaɗan. Bututan da aka fara kafawa a tafkin a 2001 su ke rage ta.

Duk mai ba da kyautar kyamara ya haɗa da kwalaben daidaita awo, da batir da faifan sola, da albashin mai kula da ita na shekaru. In ba zai iya ba, ya riƙe kayansa.