Ranar da Na Yi Wasiyya a Kan Katako

Ni dai da ma na ce ba zan je ba. Washegarin Sallah ne, na ci waina da miyar taushe na yi nak, ina shirin kishingiɗa, sai ga Sadiku ɗan ƙanwata: "Kawu, taso mu je ka ga abin mamaki." Haka ya ja ni daga Tudun Wada zuwa wani shagon wasannin yara a wajen Barnawa.

Abin mamakin wani tabarau ne mai kamar akwatin sabulu, ana ɗaura shi a ka, yaran suna ce masa Bi-Ar. Sadiku ya hau yi mini karatu. Wai kowane ido da hotonsa a ciki, shi ya sa kake ganin abu da zurfi, kuma duk inda ka juya kai hoton na bin ka. Wai Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera shi a 2014 kan dala biliyan 2, har ya sauya wa kansa suna zuwa Meta a 2021 don son wannan harka. Na Apple kuwa da ya fito a 2024, dala 3,499. Na ce wannan ai ba tabarau ba ne, fili ne a bayan Rigasa.

"Kawu, da shi fa matuƙan jirgin sama da likitocin tiyata ke koyon aiki."

Na ce to ni tela ne, me zan koya? Ya ce jarumta kawai zan gwada. Nan ya taɓo ni. Na ce ni da na hau Dutsen Kufena da takalmin soso lokacin uwarka tana goye, wani gilashi ne zai razana ni?

Mai shagon ya shimfiɗa katako a ƙasa, tsayinsa daga siminti bai kai ɗan yatsa ba. Da idona na gani. Ya ɗaura mini abin.

Sai ga ni cikin lif, yana ta hawa. Ƙofa ta buɗe. Jama'a! Katako ne ya miƙe a sararin Allah, motoci can ƙasa kamar kiyashi. Ashe munafukin yaron nan fanka ya kunna mini, na ji iska tana kaɗa babbar rigata. Na san ƙarya ce, wallahi na sani, amma gwiwoyina ba su samu labari ba. Ido na cewa muna sama, kunne na cewa muna ƙasa, waina kuma ta ce ita fa za ta dawo.

Taku biyu na yi, na durƙusa na rungume katakon ina salati. Da na ga kamar ba tashi, na ce gara in sauke nauyi.

"Sadiku! Ka gaya wa Hajiya, kuɗin da na ce mata babu, suna cikin akwatin tsohon keken ɗinki, ƙarƙashin ƙyallaye! Shaddar Alhaji kuma ba ɓata ta yi ba, ni na ƙona ta da dutsen guga!"

Aka cire mini tabarau. Ga ni rub da ciki a siminti, hula a gefe, yara sun kewaye ni. Wata 'yar ficiciya ta ce, "Baba, in ka gama ni ce a layi."

Na miƙe na kaɗe riga na ce da ma gwada su nake. Ba wanda ya tanka. Sadiku yana ta danne-danne a waya, ban kawo komai a raina ba.

Sai da na shiga gida na tarar da Hajiya zaune a tsakar gida, ƙyallaye a warwatse, tana lissafi da yawu a yatsa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sannu da saukowa, Malam. Alhaji ma ya bugo waya."