Masuntan Fife sun tafi an adana sunansu, namu suna raye ba mai tambayarsu

Kakana na wajen uba masunci ne, Bakabe daga wani ƙauye a gefen Gulbin Kabi, a ƙasar Argungu. Na tashi ina ganin homarsa rataye a zaure, da wata ƙatuwar gora da ya yi shekaru yana hawa ruwa da ita. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, ba wanda ya lissafa su cikin dukiya. Gara ta cinye itacen homar, gorar kuma aka mayar da ita mazubin tsaba har ta fashe. Ban taɓa jin zafin wannan asara ba sai watan jiya, a bakin wani teku mai sanyi, nesa da gida.

Shekara shida ke nan ina zaune a Kirkcaldy, a yankin Fife na ƙasar Skotlan, ina aikin jinya. Akwai wata hanyar ƙafa da ta bi gaɓar tekun yankin gaba ɗaya, mil 117 daga Kincardine zuwa Newburgh, kuma ta ratsa ta cikin garin da nake. Kullum ina ganin tsofaffi da sanduna da jakunkuna a baya suna bin ta. Wata Asabar da ba ni da aiki na hau bas zuwa Elie, na kama hanyar a ƙafa zuwa Crail, mil goma da 'yan kai, ta garuruwan masunta da ake kira East Neuk. Gani ya kori ji.

Daga Elie hanyar ta bi saman gaɓa ta wuce kufan wasu gidajen sarauta biyu, sannan ta gangaro kan cocin St Monans, wanda Sarkin Skotlan Dauda na Biyu ya gina wajen shekarun 1360, dab da ruwa, har idan teku ya cika sai mai tafiya ya zagaya ta baya. A cikinsa an rataye siffar jirgin ruwa a rufi. Kirarin garin ma, da Latin aka rubuta shi, ma'anarsa da teku muke rayuwa. A tashar jiragensu an yi sama da shekara 200 ana ƙera jiragen katako kafin sana'ar ta tsaya. Gaba kaɗan sai ga wata hasumiya a kan tudu, injin iska ne na da, wanda yake janyo ruwan teku zuwa ɗakunan dafa gishiri guda tara da aka gina a shekarun 1770. Da kwal ake hura wuta a ƙarƙashin manyan faranti na ƙarfe har ruwan ya ƙone ya bar gishiri. Tubalan ɗakunan kawai suka rage a cikin ciyawa, amma an kafa allo da zane yana nuna inda ruwa yake shiga da inda wuta take ci. Na tsaya a wurin ina tuna gishirin Foga da fatake suke kawo mana daga wajen Gaya ta ƙasar Nijar, wanda shi ma tace ƙasa ake yi a dafa ruwan. Yau in ka tambayi yaron Argungu yadda ake yinsa, da wuya ya sani.

A Pittenweem ne jikina ya yi sanyi. Ita ce tashar da har yanzu jirage suke fita su da asuba, amma kamun nasu ya koma jatan lande da ƙaguwa, kuma yawanci motoci ne suke kwashe su zuwa Faransa da Sifaniya. A bakin tashar an kafa siffar wata mata da yaronta suna kallon teku, a 2019, don tunawa da masuntan yankin kusan 400 da ruwa ya ci tun farkon ƙarni na 19. A Nuwamba 1875 kaɗai, guguwa ta hallaka jirage biyar na St Monans da Cellardyke a gaɓar gabashin Ingila, mutum 37 suka tafi. Shekara 150 da faruwar abin, amma mutanen garin sun san sunan kowane jirgi, sun san wane ne ya bar mata da 'ya'ya nawa.

Sai na tuna watan Mayu na 2021, da jirgin da ya nitse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da 'yan kasuwa da mata da yara. Mutum fiye da ɗari suka rasu. Ina nan ina bin labarin a waya, kowace kafa da nata adadin, domin babu takardar da aka rubuta waɗanda suka shiga jirgin. Bayin Allah sun zama lissafi, lissafin ma ba a daidaita a kansa ba. Ni ba gunki nake roƙo ba, addininmu bai yarda da shi ba kuma ba ma bukatarsa. Littafi nake nufi, a fadar Sarkin Ruwa ko a masallacin garin, da za a rubuta wane ɗan wane, daga gari kaza, ya rasu a ruwa ranar kaza, jikokinsa su gani su yi masa addu'a. Mu da muka gaji al'adar rubutu tun kafin Shehu, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

A Anstruther na fi daɗewa, domin nan ne gidan tarihin kamun kifi na ƙasar Skotlan yake, wanda aka buɗe a 1969 a cikin tsofaffin gine-gine da ke fuskantar tasha. Babban sashe na labarin gidan a kan kifi ɗaya yake, wanda suke kira herin, shi ne masu sayar da kifin ƙanƙara a kasuwanninmu suke ce wa shawa. Wannan ɗan kifin ya gina garuruwan nan. A 1907 an cika ganga miliyan biyu da rabi da shi, an zuba gishiri, an kai Jamus da Rasha da gabashin Turai. Maza suna teku, mata kuma suna bin ayarin jiragen ta ƙasa, tun daga tsibiran Shetland da farkon bazararsu har zuwa Yarmouth a Ingila da kaka. Uku uku suke aiki, biyu suna feɗewa ɗaya tana jerawa a ganga, yatsunsu naɗe da tsumma saboda kaifin wuƙa da cizon gishiri. Gwanar cikinsu takan feɗe kifi kusan 60 a minti guda. An ajiye wuƙaƙensu, da akwatunan kayansu, da rigunan ulu da suke saƙa wa mazajensu, da muryoyin tsofaffin cikinsu da aka naɗa kafin su mutu. Gidan yana kuma da jirgin Reaper, mai filafilai biyu, tsawonsa ƙafa 70, wanda ya fara su a 1902. Sun saye shi a 1975 suka gyara, kuma 'yan sa kai ne suke fita da shi teku har yau.

Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne ba su ɓoye camfinsu ba. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa masuntan da ba sa ambaton alade ko limamin coci a cikin jirgi, kuma in wani ya yi suɓul da baka sai kowa ya taɓa ƙarfe. Ba wanda ya ce jikokinsu sun yarda da wannan. Mu kuwa da zarar an zo maganar abin da Sarkin Ruwa yake yi kafin a faɗa Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa, ko yadda Sarkawa suke da'awar sanin bakin kada da dorina, sai mu sunkuyar da kai mu sauya zance. Rubuta abin da kakanni suka yi daban, yin imani da shi daban. Malamanmu na da sun rubuta al'adun da suka yi wa wa'azi a kai, shi ya sa ma muka san su.

Kada a ɗauka komai na nan ya ba ni sha'awa. Herin ya ƙare musu. Yaƙin duniya na farko da juyin juya halin Rasha sun rushe kasuwar, manyan jiragen zamani kuma suka kwashe abin da ya rage, har a 1977 aka hana kama shi a Tekun Arewa na wasu shekaru. Tashar Anstruther da a da mutum zai tsallaka daga jirgi zuwa jirgi, yanzu kwale-kwalen shaƙatawa ne a cikinta. Na bi ta Cellardyke, unguwar da ta fi kowace yawan masunta a da, lungunanta tsaf tsaf, gidajen da fenti mai kyau, amma da yawansu a jikin ƙofa akwai ɗan akwatin makulli na masu haya ta kwana biyu. Masu kuɗi daga birane sun saye gidajen masunta, 'ya'yan garin kuma da yawa ba su iya saye a inda aka haife su. Wata dattijuwa da nake jinya, 'yar masunta ce daga yankin, ta taɓa ce mini da hunturu in ta leƙa layinsu fitila uku take gani a kunne. Tarihin yana nan an adana shi da kyau, masu tarihin ne suka watse.

To a nan ne nake ganin mun fi su, in da za mu farga. Namu masuntan suna raye. Har gobe ana jefa birgi a Yawuri, ana shimfiɗa kalli da mamari, ana kafa gura a fadamun Hadeja da Nguru, ana banda a Doron Baga. Akwai dattawan da suka ga Kogin Neja kafin a datse shi a Kainji a 1968, lokacin da aka tashi mutum fiye da 40,000 kuma tsohuwar Busa ta nitse. A Busan nan ne Mungo Park, ɗan Skotlan ɗin nan da ya zo binciken kogin, ya hallaka a 1806, kuma labarin mutuwarsa ya fi labarin dukan Gungawan da aka tasa daga tsibiransu yawa a rubuce. Akwai waɗanda suka yi su a Tafkin Chadi yana da faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, suka kuma ga ya janye ya bar ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Akwai waɗanda za su gaya maka yadda ambaliyar Hadeja ta canza bayan dam ɗin Tiga, da yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Waɗannan mutane kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda aka kai makwancinsa ya tafi da abin da ke kansa.

Za a ce ai muna da bikin Argungu. Muna da shi, kuma ina alfahari da shi. Tun 1934 ake yinsa, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Amma kamun kifin kansa wajen awa ɗaya ne. A buga bindiga, dubban mutane su ruga ruwa, a auna giwan ruwan da ya fi nauyi, manyan baƙi su hau mota su tafi. Da bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin ya dawo a 2020, me baƙo zai zo ya gani game da su a garin? Gidan tarihin Kanta yana nan, tsohuwar fada ce da aka gina a 1831 aka mayar gidan tarihi a 1958, kuma yana da daraja ƙwarai, sai dai zuciyarsa sarauta ce da yaƙi. Talakan da ya ciyar da masarautar da homa da gora bai samu rabonsa ba.

Abin da hanyar Fife ta koya mini shi ne aikin bai da tsada kamar yadda muke zato. Yawancinta turba ce irin ta shanu, da 'yan turaku masu alama, da alluna. Dokar ƙasar ta 2003 ta ba kowa damar ratsa fili a ƙafa muddin bai yi ɓarna ba, mu kuwa da ma bakin gulbi na kowa ne. Me zai hana a fitar da turba daga gidan Kanta zuwa Matan Fada, ta bi ta unguwar masunta da wurin masu saƙar taru da masu banda, da alluna cikin Hausa da ajami, kuma 'ya'yan masuntan su ne 'yan rakiya, kuɗin ya shiga aljihunsu? Na san halin tsaro, na san akwai bakin ruwan da ko ɗan gari ba ya zuwa yanzu, kuma ba zan ce kowa ya jefa kansa cikin haɗari ba. Amma cikin gari da kewayensa ana iya farawa, kuma naɗar muryar dattijo ba ta bukatar komai sai waya da ladabi.

Na isa Crail da la'asar, ƙafafuna sun yi nauyi. Na zauna a kan katangar 'yar tasharsu ta dutse, gidaje masu jan rufi a bayana, tsibirin May a gabana, inda aka kunna fitilar jagorar jirage ta farko a Skotlan a 1636, da wutar kwal. Na yi salla a gefe, sannan na kira ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka bi kakana ruwa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, so nake ka lissafa mini sunayen kifayen gulbinmu, da kowane irin taru, da gurabun da kuke zuwa su."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mi za ka yi da su, ɗana, kai da kake ƙasar Turawa?"

Na ce ajiyewa zan yi saboda yara. Ya ce to in bari ya gyara zama. Ya fara da giwan ruwa, da bargi, da tarwaɗa, da ƙurungu, da ragon ruwa, da gargaza, ya wuce zuwa wasu da ban taɓa jin sunansu ba, ya ce uku daga ciki rabonsa da ganinsu tun kafin a haife ni. Muna cikin gurabun su kiran sallar magariba ya katse mu a wajensu. Ya ce in sake kira ranar Juma'a bayan an sauko, zai aika a kira masa wani abokinsa da ya fi shi sanin yammacin gulbin.