Yuwan 180 na biya, aka ɗura min barkono da wulaƙanci a Gwanzu

Tun 2011 nake zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Chaina sarin yadi, lokacin yuwan ɗaya bai kai naira 30 ba. Na ɗauka babu sauran kalar wulaƙancin da ban ɗanɗana ba a garin nan. Mai tasi ya rage gudu, ya leƙo ya ga fuskarka, ya take motarsa ya wuce, na saba. Ka zauna a jirgin ƙarƙashin ƙasa, na gefenka ya zabura kamar an soka masa allura, na saba. A buga maka ƙofar otal da tsakar dare a ce fito da fasfo, wannan kam ya zama kamar sallamar maƙwabci. Ashe da saura. Juma'ar da ta wuce wata yarinya da ba ta kai sa'ar 'yata ta biyu ba ta nuna min har yanzu ban sauke karatun ba.

Mu uku ne. Ni, da ɗan yayata wanda wannan ne zuwansa na farko, da wani dattijo maƙwabcin shagona a kasuwar Kwari ta Kano, mutumin da ya haura saba'in, muna ce masa Baba Alhaji. Mun yi sallar Juma'a a masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen nan suke cewa na Sahabi Sa'adu bn Abi Waƙƙas ne, ko da yake malamanmu sun ce a Baƙi'a aka rufe shi. Da aka idar sai yaron ya matsa: "Kawu, kwana shida muna cin taliyar Shawbe, don Allah mu shiga cikin gari mu ga wuri." Na biye masa, kuma laifina na farko ke nan. A Shawbe, unguwar da muke sauka, da akwai wani mai taliyar hannu, Musulmi, shekara da shekaru ina cin abincinsa, in ya hango ni tun daga nesa yake washe baki, har bashi ya taɓa ba ni. Na bar wannan bawan Allah na kwashi tsoho zuwa titin Beijing, inda ba ka iya ajiye ƙafa sai ka taka ta wani, ga shi watan Afrilu ne, baƙin baje kolin Canton sun cika gari.

A wani lungu muka hango koren allo da tambarin halal. Gidan abinci ne na kowa da kowa, kujerun katako marasa majingina, hayaniya kamar tashar Unguwa Uku, ƙaurin barkono tun daga bakin ƙofa yana shaƙe maƙogwaro. Aka ba mu 'yar takarda mai lamba 47. Muka tsaya. Aka kira 46. Aka kira 48. Aka kira 49 da 50. Ni dai a makarantar da na yi, tsakanin 46 da 48 akwai wata lamba, wataƙila a Chaina an soke ta ne ba a sanar da mu ba. Sai da na je na ɗora takardar a kan kantar, sannan yarinyar ta ɗago ta dube mu daga hula zuwa takalmi, ta nuna da haɓa. Teburin ƙarshe, tsakanin ƙofar kicin da bokitin da ake juye ragowar abinci.

Baba Alhaji ya ce, "Bari kawai, ɗana, wurin zama ai wurin zama ne." Muka zauna.

Ta zo ta ƙwanƙwasa lambar nan da ke manne a tebur, wadda ake haska wa waya a zaɓi abinci a biya. Na ce mata wayata ba ta biya. Yaya za ta biya? A lokacin katin nairarmu ya shekara biyu da wani abu ba ya aiki a wajen ƙasa, balle a ɗaura shi a WeChat, manhajar da suke biyan kuɗi da ita. Ta ja tsaki, ashe tsaki ba ya buƙatar tafinta, ta tafi ta dawo da wata takardar abinci da ta sha maiƙo, ta cilla a tebur. Cillawa fa, har ta zame ta faɗa cinyar dattijo.

Yaron ya haska rubutun da manhajar fassara. Ta fito masa da "naman sa dafaffe a ruwa". Baba Alhaji ya ce alhamdu lillahi, farfesu ke nan, shi ya dace da mai olsa. Muka ƙara da kaza da ganye da shinkafa kwano uku. Ɗan Sinancin da na tsinta a shekarun nan bai fi cikin cokali ba, amma akwai kalma biyu da na haddace kamar sunana. Na dube ta na ce, "Bu la." Wato ban da yaji. Na nuna cikin Baba Alhaji, na murtuke fuska, na sake cewa, "Bu la." Na ƙara na uku. Ta ce, "Oke, oke," idonta na kan wayarta.

Sai ta latsa wayar ta juyo min da fuskarta. An rubuta: ku biya tukuna.

Kada wani ya zo min da cewa ai haka tsarinsu yake. Na san gidajen da kowa ke biya kafin ya ci, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Wannan ba ya cikinsu. A gaban idona mutum shida na teburin gefenmu suka cinye, suka yi sakace, suka sha taba, sannan ɗaya ya ɗaga hannu ya kira lissafi. Na nuna mata su. Ta sake latsa waya: su daban ne.

Na karɓi wayar yaron na rubuta mata, da me suka bambanta da mu?

Ta karanta. Ta juya wajen abokiyar aikinta ta faɗi wani abu, suka kwashe da dariya, har ɗayar tana rufe baki da farantin da ke hannunta. Sannan ta rubuto: mutanenku suna ci su gudu.

Mutanenmu! Na dubi Baba Alhaji, mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa daga sujada, mai kwantena biyu a hanya, wanda a Kwari in ya ce "na saya" ba a neman takarda. Wai shi ne zai tattara babbar riga ya ranta a na kare a titin Beijing saboda kwanon shinkafa, a garin da kowace fitilar titi ke da kyamara, a ƙasar da suka ɗauki hoton yatsunmu goma tun a filin jirgi. Ya gudu ya je ina? Fagge?

Na hango mai gidan a bayan kanta da farar hula. Na je na yi masa sallama irin ta addini, ina tunanin ɗan'uwa ne, zai ji kunya. Ya amsa da rabin baki, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna min yarinyar, ya ci gaba da ƙirga abin da yake ƙirgawa. Ashe 'yan'uwantakar a jikin allon waje ta tsaya.

Da ni kaɗai ne da tuni na fice. Amma tsoho bai karya ba tun safe, ga magani a aljihunsa da sai an ci abinci ake sha. Na zaro jajayen takardun yuwan ɗari guda biyu. Ta ce, "Meyo." Babu. Babu me? Babu canji, ba sa son tsabar kuɗi. Kuɗin ƙasarsu ne fa, da hoton Mao ɗinsu a jiki, kuma babban bankinsu da kansa ya ce laifi ne a ƙi karɓarsa. Da ta ga na ƙi janye hannu sai ta karɓa da yatsa biyu, ta ɗaga sama ta haska, ta murza, ta kai na'ura ta zura, ta sake zurawa. Duk gidan ya juyo ana kallon yadda ake tantance kuɗin baƙin mutum.

Sai ga farfesun. Jama'a, wanda ya raɗa wa abincin nan suna "dafaffe a ruwa" ba zai ga daidai ba. Wani ƙaton kwano ne kamar na wankin jariri, cike da jan mai yana tafasa, busasshen barkono ya rufe samansa ruf, naman yana can ƙasa sai ka yi nutso. Kazar kuwa tulin barkono ne soyayye, ka riƙa tono da tsinke kamar mai neman allura a rairayi, in ka yi sa'a ka ci karo da ƙashi da ɗan nama a jikinsa. Ni Bakano ne, da yajin tsire aka yaye ni, attaruhu ba ya ba ni tsoro. Amma girkin mutanen Sicuwan akwai wasu 'yan ƙwayoyi da suke zubawa, huwajawo, ɗan'uwan fasaƙwarin da matanmu ke sa wa a yajin jego, sai dai su da ludayi suke ɗiba. Leɓenka ya mutu kamar ka fito daga wurin mai cire haƙori, harshenka ya riƙa rawa kamar ka lashi wayar wuta.

Baba Alhaji ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya. Ɗaya tak. Tari ya sarƙe shi, hawaye, majina, hula ta karkace. Na ce a kawo ruwa mai sanyi. Aka kawo ruwan zafi yana tururi, wai shi ne lafiya. Na kira ta na nuna kwanon na ce, "Bu la? Wannan ne bu la?" Ta leƙa, ta ɗaga gira, ta ce, "Wei la." Wato kaɗan ne ma aka sa. Ta rubuto: in kuna son wani ku sake biya. Ina juyawa na ga wani saurayi a teburin can ya saita waya yana ɗaukar dattijon yana tari, yana dariya. Ƙila yanzu haka Baba Alhaji yana yawo a Douyin, TikTok ɗinsu na Chaina, mutum dubu nawa suna nishaɗi da shi.

Farar shinkafa ya ci, gaya, da ruwan zafi, ya sha maganinsa. Da canjina ya zo bayan rabin awa na duba rasit: yuwan 15 kuɗin shayin da ba mu nema ba, yuwan 2 kuɗin takardar goge baki da tsoho ya share hawaye da ita. Jimla 180. A canjin lokacin kusan naira dubu 40, sama da rabin mafi ƙarancin albashin naira dubu 70 da aka yi ta kai ruwa rana kafin a amince da shi.

Kwana biyu ina jin haushin yarinyar nan, sai na ga ɓata lokacina nake yi. Ita wa ta sani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me ya kai tsoho ɗan saba'in Gwanzu sayen atamfa da shadda tun farko? A 1957 aka fara baje kolin Canton. A 1957 ɗin dai masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki, zamanin Sardauna. Nasu har yau ana yi sau biyu a shekara, duniya na tururuwa. Tamu an garƙame ta tun 2002, ku je Kakuri ku ga ciyawa da jemagu. Ku zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai ku ƙirga masana'antun da suka koma ɗakunan ajiye kayan da muke kwasowa daga nan. Audugar Funtuwa da Gusau ta zama labarin da ake ba yara. An kasa ba mu wuta, an kasa tsare iyaka, gwamnati ta zo ta tafi kowacce da kwamitin farfaɗo da masaƙu, kwamitin ya ci ya sha ya watse.

A 2018 aka yi ta buga ganga an ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi da Chaina, yuwan biliyan 15 a kan naira biliyan 720, wai ɗan kasuwa ya huta da neman dala. A Disambar 2024 aka sabunta ta, yuwan biliyan 15 ɗin nan dai, amma yanzu naira tiriliyan 3.28. Ku yi lissafin da kanku ku ga inda aka kai mu. Ɗan Kwari kuwa har gobe Wapa yake zuwa ya sayi dala da tsada, ya ɗaure ta a ƙugu, ya zo nan ya sake canzawa, yarinya ta haska kuɗinsa a fitila.

A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a garin nan, mutanenmu suka kwana a ƙarƙashin gada da jakunkunansu. Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Chaina, ya nuna masa bidiyo a waya, muka yi ta tafi a Facebook. Daga nan fa? Shekara huɗu bayan haka, Afrilun 2024, a Abuja, babban birnin ƙasarmu, aka samu kantin 'yan Chaina a hanyar filin jirgi da ake zargin ba ya barin ɗan Najeriya ya shiga, sai da aka yi ta surutu a intanet hukuma ta je ta rufe shi. Wanda aka hana shiga kanti a tsakar gidan ubansa, don me za a ba shi kujera mai kyau a gidan wani?

Mu ma kuma kada mu wanke kanmu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ɗan Chaina ya sauka Kano da 'yar jakarsa, wata uku ya yi shago a kasuwarmu, mu ne masu riƙe masa jaka, mu ne masu yi masa tafinta, mu ne masu karya wa juna farashi don mu burge shi. A 2019 har rawani aka naɗa wa ɗayansu a fadar Kano, Wakilin 'Yan Chaina, da algaita da komai. Ban ce laifi ba ne, karrama baƙo halinmu ne. Ni dai tambayata, wa ke wakiltar Baba Alhaji a bakin bokitin shara? Kuma a cikinmu akwai 'yan tsirarun da suke zuwa su karɓi kaya bashi su ɓace, su bar mu da tambarin "mutanenku", su ma Allah ya isa tsakaninmu da su.

A jirgin komawa Shawbe babu wanda ya yi magana. Dattijo ya jingina kai da ƙarfe, hannunsa dafe da ciki, kujerar gefensa babu kowa duk da cunkoson. Da muka isa otal yaron ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ni na ja mana." Na ce ba kai ba ne. Ya ce, "To gobe a ina za mu ci?" Na jawo jakata na zuge, na fito masa da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sauran kilishin da mai ɗakina ta cusa min ina mita. Saura kwana tara mu koma, kuma dole a Oktoba in sake dawowa.