Masu cewa Hellboy naushi ne kawai, ku sake dubawa

Tun da mai zane Mike Mignola ya fitar da jerin farko na Hellboy a kamfanin Dark Horse na Amurka a 1994 masu karatun littattafan zane suka rabu gida biyu a kansa, har yau kuma musun bai mutu ba. Wasu sun ce wai babu wani labari a ciki, jan ƙato ne mai guntulen ƙaho da hannun dutse, ya shiga kango ko tsohon coci, dodo ya fito, su ba hammata iska, ƙasa ta rufta da su, shi ke nan. Wasu kuma zanen ne bai kwanta musu ba, wai baƙi ya yi yawa har ba a ganin fuskar mutum sosai. Ni dai a ganina an yi wa littafin nan gaggawar hukunci.

Na yarda akwai naushi, da gangan ma aka sa shi. Mignola ya ɗauko salon ne daga mujallun nan masu arha da ake bugawa a kan takarda mara kyau a Amurka, irin su Weird Tales da ta fara fita a 1923, labaran bokaye da fatalwa da mahaukatan masana kimiyya, shi ya sa tun farkon labarin za ka ga bokan Rasha Rasputin da 'yan Nazi sun kirawo jaririn aljani, wato Hellboy ɗin, a 1944, sai Allah ya sa ya faɗa hannun Farfesa Bruttenholm ya raine shi kamar ɗansa. Amma wanda ya tsaya a nan bai ga komai ba tukuna.

Ku ɗauki gajeren labarin nan na gawa, The Corpse, wanda aka gina a kan tatsuniyar mutanen Ayalan. A 1959 aljanu sun sace jaririya Alice sun ajiye nasu a shimfiɗarta, Hellboy ya tona asirin na bogin da ƙarfen kofaton doki, sai aka gindaya masa sharaɗi, in yana son yarinyar ya goya wata gawa ya nemo mata makwanci kafin gari ya waye, ga gawar uwar surutu, duk maƙabartar da suka je matattu su taso su ce ba wuri. Labari ne ɗan ƙarami da za ka karanta kafin shayinka ya huce. To wannan ɗan aljanin da aka ƙona da ƙarfe, Gruagach, shi ne ya riƙe abin a zuci shekara da shekaru har ya je ya tayar da mayya Nimue, rigimar da ta kai Hellboy ga mutuwa a littafin da ya fita a 2011. Alice ɗin ma ta dawo da girmanta. Haka zancen Baba Yaga, mayyar tatsuniyar Rasha, Hellboy ya harbe mata ido ɗaya, daga baya da ya matsu da taimakonta sai da ya biya da nasa idon. Don Allah a ina aka ga labarin da "babu komai a ciki" yana bin bashi irin wannan? Duk abin da gwarzon ya aikata da ƙarfin tuwo yana dawowa ya same shi, kuma wannan ne ya sa nake girmama littafin.

Maganar baƙin zane kuwa, ai shi ne rabin tsoron. Mignola kan yanke faɗa a tsakiya ya saka ƙaramin hoton gunki ko tsuntsu ko fure ba ko kalma ɗaya, sai ka ji wurin ya yi tsit kafin abu ya faɗo, ga jan da mai sa launi Dave Stewart yake shafa wa jikin Hellboy yana ci kamar garwashi a cikin duhun. Mai karatu da gudu a waya yana ja da babban yatsa ba zai taɓa jin wannan ba.

Na san akwai 'yan uwa da abin da ya tsaya musu a rai daban ne, ya za a ce ɗan jahannama ne gwarzo. Wannan damuwa ce ta gaskiya kuma ban raina ta ba, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar shi. Sai dai ya sani duk labarin a kan ƙin gadon sharri yake, an ce masa shi zai tashi duniya da wannan hannun, shi kuwa kullum yana goge ƙahonsa yana cewa bai yarda ba.

Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya shi ne yawan rassa. Ga B.P.R.D. ga Abe Sapien ga Lobster Johnson, duk jerin littattafai ne daban da suka tsiro daga labarin Hellboy, sabon shiga sai ya rasa ta ina zai kama, kuma jerin farkon nan da John Byrne ya rubuta wa maganganu ya fi sauran nauyin baki, da yawa a nan suke gajiya su ajiye. Wanda ya tambaye ni nakan ce ya fara da gajerun labaran da ke cikin The Chained Coffin and Others, a can labarin gawar yake da na Baba Yaga, in ya gama su sai ya koma jerin farkon na 1994.