Zoɓo da kanwa ma kayan koyar da kimiyya ne

Duk sanda aka tayar da zancen koyar da kimiyya a firamarenmu, amsar ɗaya ce: babu kayan aiki, babu ɗakin gwaji. Gaskiya ne, babu. Amma jama'a, ɗan aji uku ba ɗakin gwaji yake nema ba, so yake ya taɓa abu da hannunsa ya ga abin da zai faru. Mu kuwa mun zaunar da shi yana rera "ruwa yana zama tururi" har ya haddace, alhali ko sau ɗaya ba a ce ya ɗaga murfin tukunya ya duba ɗigon da ke jikinsa ba.

Ku gwada wannan. A jiƙa zoɓo a tace, a yanke robar ruwa guda uku a zuba musu. Ta farko a matsa mata lemon tsami, jan zai ƙara haske. Ta biyu a ɗiga mata ruwan kanwa, nan take za ta yi duhu ta juya kore-kore. Ta uku a ƙyale ta, da ita za a riƙa kwatantawa. Daga nan sai malam ya ɗan ja bakinsa, ya ajiye tsamiya da ruwan toka da ruwan sabulu, ya ce kowa ya faɗi launin da yake zato kafin a zuba. A wurin wannan zaton karatun yake. Yaron da ya ce toka za ta ba da ja, aka zuba ya ga ba haka ba, wallahi ba zai manta ba. Aikin da takardar gwajin sinadari, mai canza launi idan ta taɓa abu mai tsami ko mai kanwa, take yi a sakandare ke nan, sai dai shi ya fara ganinsa da kayan gidansu.

Randa fa? Tambayi yara me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi. Su shafa bayanta su ji danshi, su jiƙa bayan hannunsu su hura. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa, shi yake tafiya da zafin. Da wannan sanin marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa daɗewa ba su lalace ba, har ya samu kyautar ƙirƙira ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Yaranmu nawa ne aka taɓa ba su labarinsa?

Lissafi ya ma fi ba ni takaici. Yarinyar da take ba da canji a wajen talla ba ta kuskuren ko naira biyar, ita ce a aji ake ce wa ba ta da ƙwaƙwalwa. A kawo mudu da gwangwanin madara da yashi, su auna da kansu gwangwani nawa ke cika mudu, nawa ne rabinsa. A haƙa gurbin dara a tsakar makaranta, layi 5 kowanne rami 6, su ƙirga su samu 30 kafin a rubuta musu a allo. A kafa sanda a rana su auna inuwarta da safe, da hantsi, da zawali.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ya cika maƙil, albashi ba ya kai wata, manhaja tana jira a gama ta. Ban raina wahalarsu ba. Amma a raba yara rukuni-rukuni, sau ɗaya ma a mako ya isa a fara, kowane rukuni ya zo da abu guda daga gida. Masu duba makarantu kuma su daina tsayawa kan littafin shirin darasi kaɗai, su riƙa tambayar yara me suka gwada a makon nan.

Iyaye, mu ma da namu kason. Yau da yamma a sa ƙwayar wake huɗu a jiƙaƙƙiyar auduga, biyu a bakin taga, biyu a cikin kwaba, a ba yaro tsinke ya riƙa auna tsawonsu kullum yana yin alama. Gwajin zoɓon kuma babba ya tsaya a kai, kada ruwan kanwa ko na toka ya shiga idon yaro, kada kuma a bari su sha.