Kafin ka saya wa yaro kyamara

'Yan'uwana iyaye da yayye mazauna Legas, da ku nake. Yanzu ya zama ruwan dare ka ji yaro ya ce shi ɗaukar hoto yake so ya koya. Ya cika wayar uwarsa da hotunan kaji da danfo da ƙannensa suna cin tuwo, har ta fara ƙorafin babu sauran wuri. A nan sai mu rabu gida biyu. Wani uban zai daka masa tsawa ya ce aikin banza ne, ya je ya ɗauki littafinsa. Wani kuma, wanda Allah ya ɗan buɗa wa a harkar canji ko a kasuwar Mile 12, sai abin ya zame masa na nuna isa, ya aika a kawo sabuwa fil a kwali, mai tsadar da shi kansa idan ya tuna sai gabansa ya faɗi. Da na biyun nan na fi son mu zauna, domin shi a ganinsa ya kyauta.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Ranar da kyamara ta iso a sha hotuna, a tura wa dangi a Kano da Sakkwato. Washegari yaro ya ce zai fita da ita bakin layi, a ce a'a, za ka yar. Ranar saukar karatu a Islamiyya ya ce zai tafi da ita, a ce a'a, za a sace. Sai a mayar da ita kwali, a cusa a ƙasan akwati, a ce sai da Sallah. To wa aka saya wa ke nan, yaron ko akwatin? Hoto sai hannu ya saba da shi. Sai yaro ya ɗauki ɗaruruwa sun lalace, wannan ya yi duhu, wancan an yanke wa mutum kai, kafin idonsa ya fara gane inda haske yake faɗowa. Saboda haka kafin ka tambayi kowa wace kyamara ce ta fi, tambayi kanka: nawa ne kuɗin da idan abin ya faɗi ya fashe zan iya cewa Allah Ya kiyaye gaba, in tashi ba tare da na ɗaga wa yaron nan hannu ba? Abin da zuciyarka ta ba ka, shi ne kuɗin kyamararsa ta farko, kada ka haura.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa gwaninta sai da kaya masu tsada. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa ta aiki a garin nan har ya rasu a 2014, ya soma ne a 1950, yana ɗan shekara 20, da wata 'yar kyamara mai siffar akwati da ake kira Brownie D, irin wadda talaka ke iya saya. Daga 1968 ya dinga ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, har ya tara kusan dubu, kuma a 2013 an baje su a babban bikin baje kolin zane na birnin Venice a Italiya. Kitso fa, abin da muke gani kullum a tsakar gidajenmu mu wuce ko a jikinmu.

Shekarun yaro su ne za su nuna maka hanya. Wanda bai kai goma ba, tsohuwar wayar da kuka ajiye a gida ta ishe shi. A cire layin, a goge abin da ke ciki, a ba shi ita ta zama tasa. In kuma ana son ya ji yana riƙe da kyamara ta gaske, akwai ƙananan nan na aljihu, Canon PowerShot ko Nikon Coolpix ko Sony Cyber-shot, na hannu. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne 'yan kyamarorin roba masu launin alewa, masu kunnen zomo, da ake tallata wa yara a intanet an rubuta musu megafiksil (ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto) 40 ko 48 a jikin kwali. Ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi da ƙarfi don lambar ta yi yawa, fuska ta fito dishi-dishi, yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya watsar. Araha ba ta ado. Ita kuma Instax ta kamfanin Fujifilm, mai fito da hoto a take, yara na son ta ƙwarai, sai dai takardarta goma-goma take zuwa a fakiti, kowace dannawa kuɗi ce. Mai koyo yana buƙatar ya ɓata hoto ba tare da ana lissafa masa ba.

Idan yaro ya kai sha biyu ko sama, kuma ka ga abin ya wuce marmari, ya yi wata da watanni bai saki ba, to a nemo masa tsohuwar babbar kyamara irin ta masu hoton biki, wadda ake cire mata ido, wato gilashin gabanta, a sauya wani. Yanzu lokaci ne mai kyau na sayen irin su. Tun 2018 da Canon da Nikon suka karkata ga sabon samfuri marar madubi a ciki, ƙwararru ke ta sayar da tsofaffin nasu, su ne kuma ke shigo mana a tokumbo. A ɓangaren Nikon akwai D3100 ta 2010 da D3200 ta 2012 da D3300 ta 2014. A ɓangaren Canon akwai 550D ta 2010, da 1100D da 600D, duka na 2011. Dukkansu don masu koyo aka ƙera su. Haɗe da ƙaramin idon da suke zuwa da shi, mai lamba 18-55, ba su kai kilo ɗaya ba, wuyan yaro zai iya ɗauka. Caji ɗaya na yin ɗaruruwan hotuna, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta ke zuwa ta ga dama. Ni na fi karkata ga Nikon ɗin nan saboda wani tsari da ke kan maɓallinsu na sama, wanda ke yi wa mai koyo jagora mataki-mataki, ya tambaye shi ko bayan mutum yake so ya dushe ko abu mai gudu yake so ya tsayar. Amma idan akwai mai hoto a unguwarku da yaron zai riƙa zuwa wurinsa, sayi irin tasa kawai, ko Canon ce ko Nikon. Aron batir da aron ido da samun wanda za a tambaya sun fi duk wani bambanci da ke tsakanin kamfanonin biyu.

Wani zai ce ai wayata ta fi waɗannan megafiksil. Gaskiya ne, 1100D guda 12 kacal gare ta. Amma 12 ɗin nan sun isa a wanke hoto mai girman takardar A4 ya fito tas, kuma hoton da za a tura ta WhatsApp matse shi ake yi ko nawa ne. Inda tsohuwar ta yi wa waya nisa shi ne farantin da ke karɓar haske a cikinta, wanda ya ninka na waya girma sau da yawa, sannan kuma ita tana barin yaro ya yanke hukunci da kansa. Waya tana yi maka komai ba ta gaya maka abin da ta yi ba. A kyamara kuwa shi zai zaɓi faɗin ƙofar da haske zai shiga, shi zai zaɓi tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe. Ranar da ya tsaya a gadar masu ƙafa ta Oshodi da yamma ya gane cewa idan ya rage saurin ƙiftawar fitilun motoci za su zama dogayen zare, idan ya ƙara kuma danfo za ta tsaya cak, ranar ya fara koyon abin da ba zai manta ba.

Sai maganar saye, kuma a nan ne ake cutar mutanenmu. Zuwa da kai ya fi aike. Kada ka tura kuɗi don ka ga hoto mai kyau a Instagram. Ko Computer Village ta Ikeja za ka, ko Alaba International ta Ojo, kada ka bi yaran da ke tarar mutum a bakin titi suna jan hannun riga. Shiga shago mai lamba, wanda gobe idan ka dawo za ka same shi a inda ka bar shi. Ka tafi da wani mai hoton biki da ka amince da shi, ko da za ka biya masa kuɗin mota da na abinci, ka kuma tafi da memorinka. Farashi dala yake bi, don haka zaga shago uku ko huɗu kafin ka taya.

Ga abin da za ku duba. Ƙyauren da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka danna yana da iyaka, a irin waɗannan ƙananan wajen dannawa 100,000 aka auna masa. Kamar yadda ake duba tafiyar mota kafin a saya, haka ake duba wannan. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, sai a ɗauki ɗaya a duba a kwamfuta. Ta Canon kuwa sai an haɗa ta da manhaja, kuma masu shagon sun san yadda ake yi, idan ya ce ba ya da hali ka san akwai magana. Wadda ta sha bukukuwa ta doshi iyakar, bar masa kayansa ko da jikinta na sheƙi. Bayan nan a cire idon, a haska shi da tocilan ta baya, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma idan ka ga farin zare-zare ya bazu a jikin gilashin ta ciki, funfuna ce, kada ka saya. A mayar da idon, a matse ƙofar haske zuwa 16 ko 22, a ɗauki farin bango, a buɗa hoton a duba ɗige-ɗige. A gwada ta a kan abu na kusa da na nesa a ji ko tana saita kanta ba tare da kai-komo ba. A duba kan ƙusoshin jikinta, idan sun sha sukundireba an taɓa buɗe ta. Wani abu da ke kama mutane da yawa a Nikon ɗin da na lissafa: babu injin saita ido a jikinsu, saboda haka sai idon da ke da injinsa a ciki, irin wanda aka rubuta wa AF-S, shi ne zai saita kansa, tsofaffin da babu wannan rubutu sai dai da hannu. A ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙasan kyamarar. Kayan sata na yawo a kasuwa, kuma Bahaushe a Legas ba ya buƙatar a gaya masa yadda magana take juyewa idan aka kama abu a hannun ɗansa.

Mai shago zai so ya ɗora maka jaka da ƙafafu uku da fitila da dogon ido mai jawo nesa. Ka ce masa sai wani jiƙon. Batir na biyu, memori mai kyau daga hannun da ka yarda da shi domin jabu sun yi yawa, da igiyar ratayawa a wuya, sun wadatar. Idan yaron ya shekara yana yi, a ƙara masa ido mai lamba 50, shi ne mafi araha cikin masu kyau, kuma shi ke fito da fuskar mutum.

Mu da muka taso a Arewa ƙura muka sani, shi ya sa muke ganin rufe abu a akwati shi ne adana shi. A Legas laima ce abokiyar gaba. Funfunar nan duhu take so da danshi da iskar da ba ta motsi, kuma idan ta daɗe tana cin fatar da aka shafa wa gilashin, ko an wanke tabon ba ya fita. Damina ɗaya a ƙasan akwati, a ɗaki irin na Ijora ko Idi-Araba, ta isa ta fara. A samo robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, a zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa sa kyamarar a ciki da dare bayan an cire batir. Wadda ake fita da ita kullum tana shan iska da haske ta fi tsira. Idan kuma an tafi gida hutu lokacin hunturu, kada a cire ido a waje cikin ƙura, kuma a hana yaro goge gilashi da bakin rigarsa.

Kada kuma a ce sai 'ya'ya maza. Duk wanda ya aurar da 'ya a Agege ya san yadda ake neman mace mai hoto ranar kamu da sa lalle, inda mata ba sa son namiji ya shigo musu. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, da kyamararta ta nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a lokacin da ba a jin komai daga can sai labarin bam. Idan 'yarka ce ke ɗaukar wayar uwarta, ita ma a duba ta.

Abin da kuɗi ba ya saya shi ne ladabin riƙe kyamara, kuma wannan aikinka ne, ba na mai shago ba. Maganar hukuncin hoto kowa ya koma ga malaminsa, amma haƙƙin mutane babu saɓani a kansa. Yaro ya yi sallama ya nemi izini kafin ya ɗaga ta a kan kowa, in an ce a'a ya sauke ya yi godiya. Kada ya ɗauki matan mutane, ko mai barci a gindin gada, ko mai bara, don abokai su yi dariya. Ka gaya masa ƙarara cewa ba a nuna ta ga barikin soja ko shingen 'yan sanda, kuma a tasha ko ƙarƙashin gada akwai waɗanda za su ce sai ya biya kuɗin ƙasa, kada ya tsaya musu, ya wuce. Watannin farko a tsakar gida da bakin shagonka zai yi su: kakarsa tana tsince shinkafa, mai shayin layinku yana ɗaga kofi, tumatir a kwando da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Ranar Lahadi ka zauna da shi ku duba abin da ya ɗauka a makon, ya zaɓi uku da kansa ya gaya maka dalilin zaɓinsa, ka kai wanda ya fi a wanke masa a takarda.