Wai Wannan Shi Ne Wasa?

Ƙanena ne ya sa min wasan Oxygen Not Included a kwamfuta, wai "Yaya, ba wuya." Ina fa! Mutum uku aka ba ni a cikin dutsen sararin samaniya, ba wanda ya ce min masai ake fara ginawa. Kafin in farga sun yi fitsari a ruwan shansu. Na gyara wannan, sai iskar da suke fitarwa ta taru a ƙasan ramin, ashe nauyi gare ta, can kuwa na jera musu gadaje. Ga zafin Afrilu, an ɗauke wuta a Gwammaja, gumi na zubo min, amma ni janaretansu nake wa hidima. Ana kiran assalatu caji ya ƙare.